Kwamiti a kan kwamiti, kuma da kuɗin talaka

A watan Agustan 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Stephen Oronsaye, tsohon shugaban ma'aikatan tarayya, domin ya duba yadda za a rage yawan hukumomin gwamnati da kuɗin da suke laƙumewa. A watan Afrilun 2012 kwamitin ya miƙa rahoto mai shafi kusan 800, inda ya ƙirga hukumomi 541, ya kuma ba da shawarar a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161, a rushe wasu, a haɗe wasu, a mayar da wasu sassa a cikin ma'aikatu. Aikin ya yi kyau, ba kuma wanda zai ce an ɓoye masa inda kuɗin ke zurarewa.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. An kafa wani kwamitin ya fitar da farar takarda a 2014, wato matsayar gwamnati a rubuce kan rahoton, wadda ta yi watsi da mafi yawan shawarwarin. A 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa kwamitoci biyu, ɗaya ya sake duba rahoton da farar takardar, ɗayan kuma ya duba hukumomin da aka ƙirƙiro bayan rahoton, sannan a 2022 aka sake kafa wani domin ya rubuta sabuwar farar takarda a kan aikin waɗancan biyun. A watan Fabrairun 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta ce ta amince a aiwatar da rahoton, sai kuma ta kafa kwamiti ta ba shi mako 12. A cikin wannan shekarar ce aka ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da sababbin hukumomin raya shiyyoyi. Ban ce ba su da amfani ba, amma mai niyyar rage nauyi ba ya ƙara kaya.

Duk mai kallon labarai ya san yadda bikin miƙa rahoto yake. Shugaban kwamiti zai tsaya cikin babbar riga, ya rungumo kundaye masu kauri, shugaban ƙasa ko gwamna ya karɓa da hannu biyu ana ɗaukar hoto, a yi alkawarin cewa wannan karon ba za a bari rahoton ya sha ƙura ba. Kafin wannan rana an biya kuɗin zama, da na otal, da tikitin jirgi, da ladan ƙwararrun da aka ɗauko, duk daga lalitar gwamnati, wato daga harajin da ake cira a albashin malamin makaranta da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da mai sayen kaya ke biya ko da bai san yana biya ba. Taron ƙasa na 2014, wanda marigayi Mai Shari'a Idris Kutigi ya jagoranta da wakilai 492, an ware masa kusan naira biliyan bakwai, kuma shugaban da ya gaji mulki, Muhammadu Buhari, ya fito fili ya ce bai karanta rahoton ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne inda ya shafi jini. Rikicin Jos kaɗai ya ci kwamitin Fiberesima na 1994, da na Niki Tobi na 2001, da na Bola Ajibola bayan rikicin 2008, da na Solomon Lar na 2010. Da aka yi tarzomar bayan zaɓen 2011 a jihohin Arewa, aka ɗora wa marigayi Sheikh Ahmed Lemu aikin bincike, babban dalilin da kwamitinsa ya sa a gaba shi ne gwamnatocin baya sun ƙi aiwatar da shawarwarin kwamitocin da suka gabace shi, har masu ta da fitina suka saba cewa ba abin da zai same su. Wato kwamiti ne ya gaya wa gwamnati cewa ajiye rahoton kwamiti na janyo asarar rayuka, shi ma kuma mafi yawan shawarwarinsa nan suka kwana.

Za a ce shugaba ba zai san komai ba, dole ya nemi masana. Gaskiya ne, ni ma ban ga hikima a shugaban da ke yanke hukunci da ka ba. Sai dai neman shawara daban, ɓuya a bayan masu shawara daban, kuma ana gane bambancin ne idan aka duba wace shawara aka ɗauka, wace aka jefar. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007, ya ba da shawarar a raba shugaban ƙasa da ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe shi kaɗai, a sa Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta tantance masu neman kujerar. Wannan ita ce shawarar da ke rage ƙarfin mai mulki, ita ce kuma aka ƙi, har yau ba wata gwamnati da ta waiwaye ta.

Sai a kwatanta da ranar 29 ga Mayun 2023. A jawabin rantsuwar Shugaba Bola Tinubu aka sanar da cewa tallafin man fetur ya ƙare, kafin mako ya zagayo litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Abuja, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. Ba a jira farar takarda ba, ba a ba kowa mako 12 ba, kwamitocin rage raɗaɗi da na sabon mafi ƙarancin albashi ma daga baya suka zo. Ashe shugabanninmu sun iya yanke hukunci nan take idan nauyin zai faɗa a kan mai adaidaita sahu da ma'aikacin ƙaramar hukuma. Jan ƙafa na farawa ne idan hukuncin zai raba wani ɗan jam'iyya da kujerar shugaban hukuma, ko ya kai wani babba gaban alƙali.

Abin da nake so 'yan majalisarmu su yi doka a kansa shi ne, duk rahoton da aka biya da kuɗin jama'a a wallafa shi cikakke cikin wata uku tare da abin da aka kashe, gwamnati kuma ta faɗi a rubuce shawarar da ta karɓa da wadda ta ƙi da dalilinta, da sa hannun shugaban ƙasa ko gwamna. Kada kuma a saki ko kobo ga sabon kwamiti a kan matsalar da aka taɓa bincika sai an kawo tsohon rahoton zauren majalisa an karanta.