Wai Ina Maɓallan Mota Suka Shiga?

Wa ya gaya wa masu ƙera motoci muna son tuƙa waya? A tsohuwar mota, hannu kawai za ka miƙa ka murɗa iyakwandishan, idonka na kan titi. Yanzu kuwa sai ka yi ta laluben allo mai santsi, shiga nan fita can, don ka rage iska kurum. Rana ta haske shi, tabon yatsu kaɗai za ka gani. Ga baƙar robar nan mai ƙyalli, ko hararar ta ka yi sai ta karce. Tsimin kuɗi ne, wai ci gaba! Har sandar sigina kamfanin Tesla ya cire a motarsa Model 3 a 2023. Gara da Euro NCAP, ƙungiyar da ke gwada motoci a Turai tana ba su makin kariya daga haɗari, ta ce daga 2026 za ta rage wa mota maki in hon, sigina da waifa ba su da maɓalli na gaske.