Kafin a cilla yarinya sama, wa ya horar da kocinta?

A makarantun sakandare na jihar Texas, inda nake zaune, akwai ɗalibai, yawancinsu mata, da ke tsayawa a bakin fili ranar wasan ƙwallo suna rawa da kirari don zuga 'yan wasansu. Ciyalidin ake kiran abin. Shigar da suke yi ba tamu ba ce, kuma ba ina cewa a kai mana wasan can gida Najeriya ba. Ƙa'idojin da aka kewaye shi da su ne nake so mu duba.

Wasan na da haɗari. Mutum uku ko huɗu su haɗa hannu su cilla yarinya sama, ta wuntsila, su cafe ta. Hannu ɗaya ya kuskure, to wuya ne ko kai. Shi ya sa ƙungiyar NFHS, mai tsara dokokin wasannin sakandare a Amurka, ta hana irin wannan cillawa a kan daɓe mai tauri, ta kuma hana ɗalibai hawa kafaɗun juna fiye da hawa biyu. Dokar Texas kuwa ta wajabta wa kocin ya riƙe shaidar horon taimakon gaggawa da na farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Yarinyar da ta bugu a ka, fitar da ita ake yi nan take, ba ta komawa sai da takardar likita.

Akwai kuma dokar 1984 da ta ce ɗalibin da ya samu ƙasa da maki 70 a wani darasi a dakatar da shi daga gasa. Da farko mako shida ne, a 1995 aka mayar da shi uku. Wannan ban cika son ta ba, domin wani yaron wasan ne kaɗai ke riƙe shi a makaranta.

Horon koci kam, wallahi muna bukatarsa. A makarantar kwanan da na yi, malamin wasanni shi ne duk wanda shugaban makaranta ya ga yana da ƙwazo. Ranar gasar gidaje, cikin zafin Maris, yaro zai faɗi a ƙarshen tsere ya sume. Sai a yi masa fifita da kwali, a zuba masa garin gulukos a baki, alhali wanda ya sume ba a ba shi komai ta baka, don yana iya shaƙewa. Malamanmu suna ƙaunarmu, ba a dai koya musu ba ne.

Ba sai an gina komai ba. Kwalejojin iliminmu suna yaye malaman motsa jiki da kiwon lafiya, ƙungiyar Red Cross ta Najeriya kuma tana koyar da taimakon gaggawa. Ma'aikatun ilimi na jihohi su sa sharaɗi kawai: makarantar da ba ta da malami mai wannan shaida, kada ta busa usur ɗin gasa.