Mun fice daga kotunansu, to ina talaka zai kai kuka?

Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga kotun manyan laifuka ta duniya, CPI, a watan Satumban 2025, kusan duk fadar da ka zauna a Damagaram magana ɗaya ake yi: mun rabu da kotun Turawa. A wata fada ta Zango, wani ƙanena da ke zuba mana shayi har tsayawa ya yi da butar a hannu ya ce, "Yaya, yau muka samu 'yanci na gaske." Murnar nan ce ta hana ni sukuni.

Munafuncin manyan ƙasashe ba sai an tuna min ba. Amurka ba ta cikin CPI, kuma ta ƙaƙaba wa alƙalanta takunkumi. An ba da sammacin kama Putin a 2023, ya je Mongoliya ya dawo lafiya. Netanyahu ma, da sammacin CPI a kansa, ya sha shimfiɗar girma a Hungary. Duk gaskiya ne. Sai dai masu kafa hujja da wannan suna magana kamar yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam kyauta ce muke yi wa Turawa, alhali alƙawari ne gwamnati ta ɗauka cewa ba za ta taka mu ba.

Ku tuna da Hadijatou Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jaka 240 a yankin Ƙonni, ta zama wahaya, wato baiwar da ubangidanta ke zama da ita kamar matarsa. Da ta samu takardar 'yanci ta auri wanda take so, kotun ƙasarmu ce ta yanke mata wata shida a gidan kaso, wai ta yi aure kan aure, don tsohon ubangidanta ya ce matarsa ce. Dokar haramta bauta kuwa tana nan tun 2003, tana barci a takarda. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta taimaka mata ta kai ƙara kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda a watan Oktoban 2008 ta ce Nijar ta gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta sefa miliyan 10. Alƙalan nan baƙaƙen fata ne, 'yan Afirka ta Yamma. Wane Bature ne a ciki?

Wannan ƙofa ta rufe tun da muka bar CEDEAO a watan Janairun 2025, ga ta CPI ma an jawo. Masu cewa ai hukuncin irin waɗannan kotuna ba ya aiki, su tambayi wanda ya ƙi aiki da shi. Ba a ɗaure akuya sannan a zarge ta da ƙin kiwo.

An ce za a kafa kotun Sahel tamu ta kanmu. Madalla. Amma a rubuta ƙarara cewa mace daga Mirriya ko Tanut za ta iya kai gwamnati ƙara a gabanta, kuma wanda ake ƙara ba shi zai riƙa naɗa alƙali yana tsige shi ba. Na tambayi ƙanen nan nawa ko ya ji an faɗi haka a rediyo. Ya ce tukuna.