Gajartar alkama ba ƙaramar magana ba ce

Duk wanda ya taɓa ganin alkama ta kwanta a gona ba zai raina binciken da masana ke yi kan abin da ke gajarta karanta ba. Ni na gani da idona, a gonar ranin kawuna a wajejen Kadawa. An zuba yuriya, an yi ban ruwa da yamma, da daddare iska ta taso. Gari na wayewa muka tarar da fangali bayan fangali a shimfiɗe kamar tabarma, zangarniya tana shan laka. Kawu ya tsuguna yana ɗaga karan, yana saki yana komawa ƙasa. Har muka dawo gida bai ce uffan ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana cewa masana sun rasa abin yi, wai tsayin alkama suke bi da awo.

Alkamar zamanin da doguwa ce. Ka ba ta taki ta ƙara miƙewa, kai ya yi nauyi, kara ya gaza. A 1935 aka fitar da wani gajeren iri a Japan mai suna Norin 10. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kai shi Amurka, masanin iri Orville Vogel ya yi ta aurar da shi da wasu irin, daga nan ya faɗa hannun wani masanin irin, Norman Borlaug, a Meziko. Abin da ya fito alkama ce mai ɗaukar taki ba ta faɗi ba, kuma ƙarfin da a da yake tafiya a kara ya koma cikin tsaba. A 1966 kaɗai Indiya ta sayi tan 18,000 na wannan iri, lokacin da yunwa ke ƙwanƙwasa mata ƙofa.

To amma duk wannan da ido aka yi shi. A shuka, a jira, a zaɓi gajere. Daga baya ne aka gano mazaunin abin: ƙwayoyin gado biyu (wato masu ɗauke da halin da tsiro ke gada daga iyayensa), Rht-B1 da Rht-D1, a kan zaren gado na 4B da 4D. A 1999 masu bincike a cibiyar John Innes ta Ingila suka bayyana yadda suke aiki. Akwai sinadarin jibarelin da ke sa gaɓoɓin kara su miƙe, su kuwa waɗannan ƙwayoyin suna sa shukar ta yi kunnen uwar shegu da shi. Kuma a lura, kundin gadon alkama ya ninka na ɗan Adam wajen sau 5, sai a 2018 aka fitar da cikakkiyar taswirarsa. Neman allura ne a cikin rumbu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, gajartar ta zo da nata haraji. Ƙwayoyin nan ba kara kaɗai suke gajartawa ba, har da kuben da ke raka tsiro ya huda ƙasa. In ƙasa ta bushe ka zurfafa shuka don iri ya riski danshi, sai tsiro ya maƙale a hanya, gona ta fito giɓi-giɓi. Saboda haka ake farautar wasu ƙwayoyin da ke rage tsayi ba su taɓa kuben ba, irin Rht8 da ya shiga Italiya daga Japan ta hannun masanin iri ɗan Italiya Strampelli, da Rht13 da aka tantance a 2022.

Wani zai ce ai wannan shi ne sauya halittar da ake ta rigima a kai. A'a. Taswira nuna wuri take yi. Auren iri ne dai irin na kullum, sai dai yanzu ɗan ganye ake yankowa daga tsiro a gwada, a san abin da ya gada tun bai yi wata ba.

Mu nan sanyinmu gajere ne. Wanda ya makara da shuka a Nuwamba, zafin Maris zai riski alkamarsa tana cika ido. Ga shi manominmu yana son karan saboda dabbobi, in ta cika gajarta ya yi asarar harawa. Tsayin da ya dace da Kano da Haɗeja sai an auna shi a ƙasar Kano da Haɗeja. Muna da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, wadda alhakin binciken alkama ke wuyanta, muna da matasa masu digiri a kiwon iri. Ina so in ga an sa musu kuɗi da kayan gwaji na shekara da shekaru, domin fitar da iri ɗaya kan ci kusan shekara 10.