Kafin Mu Ce "Wannan Sai Barnawa"

'Yan uwana matasan Kaduna, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a majalisunmu, daga Rigasa har Kawo, wadda ya kamata mu ji kunyarta. Idan saurayi ya daina fitowa ƙwallo, ya rage cin abinci, ya zauna cikin jama'a amma hankalinsa ba ya wurin, sai wani ya kwashe da dariya ya ce, "Wannan sai Barnawa." Mun mayar da sunan unguwar da asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa yake abin zolaya, har ta kai wanda damuwa take ci ya gwammace ya haɗiye ciwonsa da a ji cewa ya taka ƙofar asibitin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya daga cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin waɗannan lalurori suna somawa ne tun yaro bai wuce shekara 14 ba. Ke nan ƙannenmu da ke ajin ƙaramar sakandare, waɗanda muke kira masu taurin kai ko masu miskilanci, suna cikin lissafin.

Wanda bai sami mai sauraronsa ba yakan nemi sauƙi inda bai dace ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A 2018 ɗin ne kuma gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma duk wanda ke zaune a unguwa ya san tiramol da sholisho ba su ɓace ba. A ganina, da yawa daga masu shaye-shaye ba daɗi suka bi ba. Baƙin cikin rabuwar iyaye, ko faɗuwa jarrabawa, ko zaman kashe wando ne ya tura su.

Mun kuma ga abin da ke faruwa idan iyaye suka rasa mafita. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, cikinsu har da ƙananan yara. Yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu can gyara suke nema, ba mugunta ba, sai dai sarƙa ba ta warkar da damuwa. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba mai lalurar haƙƙin a yi masa jinya cikin mutunci.

Jihar nan tana da mazaɓu 255, kuma cibiyar lafiya ta matakin farko da ke mazaɓarku na iya duba mutum ta tura shi gaba, ko asibitin Barnawa, ko na Barau Dikko, ko na Shika ga mutanen Zariya. Gwamnatin jiha ta kafa hukuma domin rigakafin shaye-shaye da jinyar waɗanda suka faɗa ciki. A makarantu da dama akwai malamin ba da shawara, wanda ɗalibai ba sa tunawa da shi sai lokacin zaɓen darussa. Neman addu'a wurin malami ko fasto bai hana ganin likita ba, domin Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Saboda haka, ɗan uwa, idan ka lura abokinka ya canza, ka ja shi gefe, ka tambaye shi lafiya, ka yi shiru ka saurara, kada kuma ka kai maganarsa majalisa ko WhatsApp. Ke ma 'yar uwa, haka za ki yi da ƙawarki. Amma idan ya ambaci cewa ya gaji da rayuwa ko yana son ya kashe kansa, wannan ba sirrin da ake riƙewa ba ne: ka sanar da babban da yake jin nauyinsa a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, ka kuma raka shi asibiti da ƙafarka, ka zauna tare da shi a layi har a kira sunansa.