Kwamfuta ba ta karanta wa kowa kwalbar magani

Gaskiya na gaji da jin maganar nan, duk asibitin da ya sa kwamfuta a sashen magani sai shugabanninsa su tara 'yan jarida suna cewa an yi bankwana da kuskuren ba da magani, kamar dama matsalar rubutun likita ce kawai mai kama da tafiyar tsutsa.

To ga Amurka nan, su da kayan aiki ya ishe su. A Disambar 2017 a asibitin jami'ar Vanderbilt da ke Nashville, wata nas, RaDonda Vaught, ta je ɗauko Versed, maganin kwantar da hankali, daga irin kabad ɗin nan mai kwamfuta da ke fitar da magani. Ta buga VE bai fito ba, sai ta danna wajen tsallake shinge, wato inda ke ba da damar ɗauko maganin da ba ya cikin jerin na mara lafiyar, ta ɗauko vecuronium wanda ke shanye tsoka har numfashi ya tsaya. Gargaɗi ya fito a allo ta wuce, a murfin kwalbar ma akwai gargaɗi, kuma gari ne sai an dama alhali Versed ruwa ne. Dattijuwa 'yar shekara 75 da ta yi wa allurarsa ta rasu, a 2022 kotu ta kama nas ɗin da laifi. Ita kuwa cewa ta yi tsallake shingen nan kowa na yi kullum a asibitin.

Anan gizo ke saƙar. Na'urar da ke ihu kan ƙaramin abu da babba, rana ɗaya kunne zai toshe. Wani nazari na 2006 ya gano kashi 49 zuwa 96 cikin ɗari na irin wannan gargaɗi likitoci wuce shi suke yi. Masu cewa sai a sayo sabuwar manhaja, to su ci gaba da neman kwangilarsu.

Balle mu nan. Kwanaki na kai mahaifiyata karɓar maganin hawan jini a wani asibiti, layi har baranda, mai ba da magani mutum ɗaya tal, netwok ya ɗauke, ya koma rubutu a bayan kati yana miƙo ƙwayoyi ta taga ko ɗaga kai ba ya yi. Bai tambaye ta ko tana shan wani magani ba, kuma ban ga laifinsa ba wallahi, mutum arba'in ne a bayanmu. Kuɗin kwamfutocin da ke gabansa a kashe da sun biya albashin mutum biyu da za su tsaya su yi mata wannan tambayar.