Ƙannena, Da Me Za A Gane Ikilisiyarmu?

'Yan'uwana matasa, salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Akwai wata Lahadi da har yau ba ta fita raina ba. An tashi daga sujada, muna tsaye a bakin ƙofar majami'a ana gaisawa, sai wani ƙanenmu ya gabatar mana da abokinsa da ya gayyato. Baƙon nan ya zauna tun daga waƙar farko har aka sa albarkar sallama, bai ce uffan ba. Da muka tambaye shi yadda ya ga sujadar, sai ya mayar mana da tambaya: "Ku a nan me kuka gaskata? Me ya sa nan kuke zuwa?" Ɗaya ya ce mawaƙanmu babu kamarsu. Wata ta ce fastonmu ya iya wa'azi, ba ya jan lokaci. Na ukun ya ce nan ya taso ya ga iyayensa suna zuwa. Ni da nake ganin na girme su, na buɗe baki na yi 'yan kame-kame na rufe. Baƙon ya yi godiya ya kama hanya. Shekaruna a ikilisiyar nan sun haura goma a lokacin, amma na kasa faɗa wa mai neman sani, cikin jimla biyar, abin da ya tara mu.

Kunyar ranar nan ce ta sa nake muku wannan nasiha, don kada ta same ku.

Da yawa cikinmu mun haddace Shaidar Bangaskiya tun muna makarantar Lahadi, muna rero ta kamar aku, hankalinmu na wani wuri. Ko kun san abin da aka sha kafin kalmomin nan su iso bakinmu? A shekarar 325, Sarki Kustantin ya kira shugabannin ikilisiya zuwa garin Nikiya, wanda yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya. Bishop sama da 200 suka hallara, wasunsu kuwa sun ɗanɗana tsanantawar da ta ɓarke a 303. Abin da ya tara su shi ne koyarwar wani limamin Iskandariya mai suna Ariyus, wanda ya ce Ɗan Allah, wato Yesu, halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Taron ya ƙi wannan magana, ya tsaya a kan cewa Ɗan haifaffe ne, ba halittacce ba, ainihinsa ɗaya da Uba. A 381 aka sake zama a Kustantiniya, aka faɗaɗa bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. Wani zai ce wannan ai gardamar malamai ce. To ka tsaya ka yi tunani: in Yesu halitta ne, to duk Lahadi halitta muke yi wa sujada ke nan, kuma halitta muka dogara ta cece mu. Dattawan nan sun ga ramin, shi ya sa suka ƙi sassautawa.

Haka batun alheri. Bulus ya rubuta wa Afisawa cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kyautar Allah ce, don kada kowa ya yi fahariya. Wanda wannan ta zauna masa a zuciya, ba za a yi masa ciniki da albarka ba. Yau waya na hannun kowa, masu wa'azi kuma sun cika intanet, na kirki da na banza. Wani zai ce ka turo kaza, mu'ujizarka ta sauka kafin mako ya ƙare. Wannan ciniki tsoho ne. A Samariya, Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar kuwa ita ce jahilcinmu na Littafi Mai Tsarki. Mutanen Biriya, Bulus ne da kansa yake musu wa'azi, duk da haka kullum suna komawa Nassi su duba ko haka abin yake, Luka kuma ya yaba musu. In an binciki maganar Bulus, wane ne mai wa'azin da ya fi ƙarfin bincike?

Amma inda na fi so ku tsaya tare da ni shi ne nan. Wajen shekarar 112, wani gwamnan Romawa mai suna Filini Ƙarami, wanda yake mulkin Bitiniya da Fontus, ya rubuta wa Sarki Tarajan wasiƙa yana neman shawara a kan yadda zai yi da Kirista. Mutumin nan ba masoyinsu ba ne. Ya sa an kashe waɗanda suka ƙi musun Almasihu, ya azabtar da wasu kuyangi biyu masu hidimar ikilisiya don ya tatsi bayani. Ga abin da bincikensa ya gano: suna taruwa a wata rana tsayayya tun kafin gari ya waye, su yi wa Almasihu waƙa kamar yadda ake yi wa Allah, sannan su ɗauki alkawari cewa ba za su yi sata ba, ba fashi, ba zina, ba za su saɓa magana ba, kuma in an ba su ajiya ba za su musanta ba ranar da mai ita ya zo karɓa. Daga nan su watse, su sake haɗuwa su ci abinci tare.

Ajiya fa. Duk lokacin da na tuna wannan, jikina yakan yi sanyi. Mutane ne da ba su da ginin majami'a, ba allon suna a bakin hanya, ba lasifika. Maƙiyinsu ya tona ya tona, abin da ya samu shi ne waƙar yabon Almasihu da riƙon amana. Yanzu mu juyo kanmu. Kai da aka ba ka riƙon asusun ƙungiyar matasa, in aka ce yau ka kawo littafin lissafi, za ka miƙa shi da sakin fuska? Ke da kika ranci kuɗi wurin 'yar'uwa wata shida da suka wuce, kina hango ta a layin gaba sai ki sauya ƙofar fita, sannan ku haɗu a teburin Jibin Ubangiji ku sha daga ƙoƙo guda? Kai mai jagorar yabo, hannu sama ido rufe ranar Lahadi, ranar Talata kuma ga takardar satar amsa a aljihu? Ina faɗin wannan da ciwon zuciya, domin maƙwabcinka da abokin aikinka ba za su taɓa karanta kundin tsarin ikilisiyarmu ba. Kai za su karanta. A Antakiya aka fara kiran almajirai Kirista, kuma bisa ga dukkan alama mutanen gari ne suka laƙaba musu sunan, saboda abin da suke ji a bakinsu da abin da suke gani a zamansu.

Kada ku ɗauka ikilisiyar farko mala'iku ne. A Urushalima, tun manzanni suna raye, gunaguni ya tashi: Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a rufe maganar don kada a ji kunya ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, ciki har da Istifanas da Filibus, aka danƙa musu aikin. A Koranti kuwa abin ya fi muni, wannan na cewa shi na Bulus ne, wancan na Afolos, wani na Kefas, har a wurin Jibin Ubangiji mai hali ya ƙoshi ya bar talaka da yunwa. Bulus ya yi musu faɗa sosai, amma har ƙarshen wasiƙar 'yan'uwa yake kiransu.

Shi ya sa yawon majami'u da ya zama mana ado yake damuna. An yi maka gyara a ƙungiyar mawaƙa, ka yi fushi ka koma wata. Can ma wani dattijo ya yi maka magana a kan halinka, ka ƙara gaba. Shekara uku, majami'a huɗu, babu inda aka san ka sanin da za a iya ce maka ka yi kuskure. In koyarwar wuri ta kauce wa Nassi, ka yi magana, an ƙi ji, tashi ka bar wurin, ba ni da ja. Amma in ɓacin rai ne, Yesu ya riga ya shimfiɗa hanya a Matiyu 18: ka je wurin ɗan'uwanka ku biyu kaɗai tukuna, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, daga nan sai ikilisiya. Ban ga inda ya ce ka fara da Facebook ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai sauran shaida guda daga bakin maƙiyi. A 362, Sarki Yuliyan, wanda ya juya wa bangaskiya baya yana ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban limamin gumaka a Galatiya yana kuka cewa Kirista suna ciyar da matalautansu, har da na masu bautar gumakan ma. Abin ya ƙona masa rai har ya ba da umarni limamansa su kwaikwaye su. Yakubu kuma ya ce addini mai tsarki a gaban Allah Uba shi ne a kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu, mutum ya kuma tsare kansa daga ƙazantar duniya.

A nan ma ni na fara faɗuwa. Akwai wata tsohuwa da take zama a kujerar ƙarshe kusa da taga, da tsohon littafin waƙoƙinta wanda bangonsa ya rabu, ta ɗaure shi da zare. Lahadi uku a jere kujerar nan babu kowa. A makonnin nan mun yi atisayen waƙa sau shida, mun yi taro biyu a kan kalar rigar da za mu sa ranar bikin matasa, babu wanda ya ce ina Mama. Sai a mako na huɗu wata yarinya 'yar ajin baftisma ta tambaya. Muka je mu uku, muka tarar ta zame ta faɗi, ƙafarta ta kumbura, jikanta ɗan shekara tara ne yake ɗebo mata ruwa. Na shiga ba da haƙuri, harshena na sarƙewa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ta ce, "Ɗana, zauna. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu. Buɗe mini Zabura 121." Na buɗe na fara karantawa, ban kai aya ta uku ba na ji tana bina da ka, kalma bayan kalma, har ta riga ni kaiwa ƙarshe.